Danshin bango

Danshin bango laima ce da ke shiga jikin gini ta zauna, sai ka ga ƙasan bangon ya yi duhu, fenti na ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri na fitowa, ɗaki kuma ya riƙa warin fumfuna har tufafin cikin durowa su ɗauka. A Kano abin ya fi tsanani daga Yuli zuwa Satumba, balle ma Agusta da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa.

Daga ina yake zuwa

Sau da yawa daga ƙasa ne, bango na tsotsar ruwa daga tushe kamar yadda lagwani ke shan kananzir, kuma galibi ba ya haura kamar mita 1, shi ya sa ake ganin shatin sa a jere. Gidajen da aka gina kan kududdufin da aka cike sun fi shan wahala. Wani kuma daga yoyon rufi ne ko fayif ɗin bayi da ya fashe.

Dabarun maginan da

Ginin ƙasa na cikin birni, na tubali da azara, an san ruwa ne abokin gabarsa, don haka magina ba su yi sake ba. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba a kwaɓa da ƙasa a shafe bango da ita. Wanda ya fi ƙarfi shi ne laso, ana haɗa shi da katsi, wato dattin da ake kwasowa daga ƙasan rijiyar rini a karofi a ƙona, sai gashin dabba daga majema da kuma dafara, wani tsiron daji mai yauƙi, da lason ake dalaye cikin rijiyoyin rini ma, irin na Ƙofar Mata da ake cewa tun wajen 1498 suke. Indararo kuwa dogo ake sa shi don ya watsa ruwan soro nesa da gindin bango, dakalin ƙofar gida ma ba don zaman hira kaɗai aka yi shi ba, yana tare tushe daga feshi. Sannan duk shekara kafin ruwa ya sauka a sake yaɓe, abin da mutane da yawa yanzu suka yi watsi da shi.

Da siminti ya yawaita sai aka koma shafe ginin ƙasa da shi. A ido fes, amma fa laimar ba ta samun hanyar fita, ƙasar ta ruɓe daga ciki, in ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ganga, wata rana filastar ta zubo gaba ɗaya.

A ginin bulo

Ana shimfiɗa baƙar leda a kan fandisho kafin a ɗora bulo don ta hana laima hawa. In gini ya riga ya tashi sai a gyara kwata, a kankare filasta, a bari ya bushe da rani a sake.

Manna tayil a ƙasan bango kuwa akwai saɓani, wasu magina na yi, wasu na cewa danshin ƙara hawa sama kawai yake yi.