Mutumin nan mai kaɗa sanda a gaban makaɗa, wai meye aikinsa ne?

Wani bidiyo ne ke ta yawo a wayoyin samari kwanan nan, har a rumfar cajin waya ranar kasuwar Gujungu an yi ta musu a kansa. Makaɗa ne birjik a zaune kan kujeru kowa da takarda a gabansa, ga wani mutum ɗaya a tsaye ya juya wa 'yan kallo baya yana ta wurga hannu da 'yar siririyar sanda, bai busa komai ba bai kaɗa komai ba, amma da aka gama shi ne ya juyo ya rusuna aka yi ta masa tafi. Wani dattijo ya ce wa mai wayar, kai yaro wannan ƙuda yake kora ko me?

To ita wannan runduna ta makaɗa sunanta okestira, shi kuma mai sandar ana ce masa kondakta, wato jagoran makaɗa, ba ruwansa da kwandastan mota. Babbar okestira takan kai mutum 80 zuwa 100, kuma kashi huɗu ce: masu kayan tsirkiya irin su biyolin da celo, dangin gogenmu kenan, su suka fi yawa kuma su ke zama a gaba, sai masu busa sarewa da danginta, sai masu ƙahonnin tagulla, can baya kuma masu ganguna. Kowa takardar gabansa nasa kiɗan kawai ta ƙunsa. Jagoran ne kaɗai ke da littafin da ya haɗa na kowa da kowa, shi ya san inda mai ƙaho zai yi shiru na tsawon lokaci da inda zai shigo.

Hannun dama mai sandar shi ke ƙirga bugun kiɗan, da sauri ko a hankali. Na hagu kuma shi ke cewa kai shigo yanzu, ku sassauta, ku ɗaga. Har ido da gira suna aiki. Mu a nan makaɗan fada ko na gangar noma ba sa buƙatar haka saboda ba su da yawa, suna jin juna, kuma shugaban nasu shi ma yana cikin kiɗan ko waƙar 'yan amshi na bin bakinsa. Amma mutum 90 a fili ɗaya, na wannan gefe ba ya jin na wancan gefe da kyau, in ba mutum ɗaya suke kallo ba sai a cakuɗe.

Da can ma ba siririyar sanda ake riƙewa ba. A 1687 wani babban makaɗin fadar sarkin Faransa, Jean-Baptiste Lully, yana jagoranci da doguwar sanda mai nauyi da ake buga ƙasa da ita, ya kuskure ya doki ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, a shekarar ya rasu. Sai a ƙarni na 19 'yar sandar nan ta zama ruwan dare.

Ni dai a ganina wurga hannun nan shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Aikin gaske a wajen gwaji yake, inda zai tsayar da mutane ya ce a sake, a sake, layi ɗaya a yi ta maimaita shi har ya zauna. Kuma inda ake gane jagora na ƙwarai shi ne a okestirar al'umma, wacce makaɗanta ba sana'arsu ba ce, malamin makaranta ne da nas da tela da ɗan kasuwa suke haɗuwa bayan an tashi daga aiki, yawanci sau ɗaya a sati, ba albashi sai sha'awa. A nan jagora ba shi da ikon korar kowa balle rage masa kuɗi, dole sai lallashi, shi ne malami shi ne mai neman ɗakin gwaji shi ne mai bin masu hannu da shuni a taimaka da kuɗin kayan kiɗa, kuma dole ya zaɓi kiɗan da bai fi ƙarfin sabon shiga ba kuma ba zai gundiri wanda ya ƙware ba. Duk wanda ya taɓa haɗa gayya ya san wahalar tara mutanen da ba biyansu za ka yi ba. Da yawa daga irin waɗannan jagorori malaman kiɗa ne a makarantu, wasu tsofaffin makaɗa ne, sukan shafe shekaru a gari ɗaya sunansu bai wuce garin ba.

Akwai dai waɗanda duniya ta ji su. A Kinshasa, babban birnin Kongo, Armand Diangienda tsohon matuƙin jirgin sama ne, bai je makarantar kiɗa ba, ya kafa okestira a 1994 da 'yan cocinsu, kayan kiɗan ma ba su isa ba sai karɓa-karɓa ake yi, in tsirkiyar biyolin ta tsinke har wayar birkin keke suke ɗaurawa. A ƙasar Faragwai ta Kudancin Amurka kuma Favio Chávez ya tara yaran unguwar Cateura da ke gefen juji, wani kafinta ya riƙa ƙera musu biyolin da celo da gwangwanaye da durom da aka tsinto a bola, yaran nan sun zagaya ƙasashe suna wasa.

Wanda ya fi su suna shi ne José Antonio Abreu na Benezuwela, a 1975 ya fara da matasa 11 a garejin ajiye motoci, abin ya zama shirin ƙasa da ake kira El Sistema mai koyar da yaran talakawa kyauta. Daga cikin yaran shirin aka samu Gustavo Dudamel, wanda ya karɓi jagorancin babbar okestirar Los Angeles ta Amurka a 2009 yana ɗan shekara 28. Nan kusa da mu ma Gana ta kafa tata okestirar ta ƙasa a 1959 zamanin Nkrumah, kuma Philip Gbeho da ya jagorance ta shi ne ya tsara kiɗan taken ƙasarsu.