Mene ne mataccen dutse mai aman wuta?

Duk sanda wani dutse ya yi aman wuta a Indonesiya ko Italiya, sai ka ji masu sharhi suna raba irin waɗannan duwatsu gida uku: mai rai, mai barci, da matacce. Mai rai shi ne wanda ke aman yanzu, ko ya yi a kusa-kusan nan. Mai barci ya daɗe shiru, amma har yanzu akwai narkakken dutse a ƙarƙashinsa, yana iya farkawa kowane lokaci. Matacce kuwa shi ne wanda hanyar da narkakken dutsen ke bi ya hau zuwa gare shi ta yanke, ba a kuma sa ran zai sake yin amai. Abin kamar murhu ne: akwai wanda toka ta rufe garwashinsa, akwai wanda aka janye itacen ya huce sarai. Daga nesa duk ɗaya suke, sai an tona ake ganewa.

Yawancin masana duwatsu suna ɗaukar shekara 10,000 a matsayin ma'auni. Dutsen da ya yi amai a cikin wannan tsawon lokaci ba a cire shi daga sahun masu rai. Sai dai daɗewa shiru kaɗai ba ta isa a ce dutse ya mutu ba, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yin kuskure. Dole a auna ko ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa, ko iskar gas na fita, ko akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a kusa, sannan a binciki shekarun duwatsun da ya amayar a ƙarshe.

Wanda ke son ganin yadda mataccen dutse yake, ya dubi ƙasar Sao Tome da Firinsife, tsibirai biyu a mashigin tekun Gini, yamma da gaɓar Gabon. Ƙasar gaba ɗayanta aman wuta ne ya haife ta. Narkakken dutse ya riƙa ɓullowa daga ƙasan teku yana daskarewa, wani bisa wani, har ya leƙo saman ruwa. Firinsife ne babba a shekaru, tsofaffin duwatsunsa sun kai kimanin shekara miliyan 31. Sao Tome ya zo daga baya, shi ya sa ya fi tsayi: ƙololuwarsa ta kai mita 2,024, alhali ruwa da iska sun riga sun ci Firinsife sosai.

A kudancin Sao Tome akwai wani dutse da ake kira Piko Kao Girande. Siriri ne, a tsaye cak, ya zarce kurmin da ke kewaye da shi da fiye da mita 300, yawancin lokaci kansa na cikin hazo. Wanda ya gan shi zai ɗauka shi ne dutsen da ya yi aman. A gaskiya maƙogwaron ne kawai ya rage. Da wutar ta mutu, narkakken dutsen da ya maƙale a cikin bututun ya daskare ya yi tauri ƙwarai. Gangar jikin da ke kewaye da shi ba ta kai shi ƙarfi ba, ga ruwan sama mai yawa da ake tafkawa a kudancin tsibirin, sai zaizaya ta yi ta kwashe ta a hankali har ta ƙare, ta bar toshiyar ita kaɗai a tsaye. Can sama cikin gandun dajin Obo kuma akwai Lagowa Ameliya, wani tsohon bakin aman wuta da ciyawa ta shimfiɗu a kansa. Idan mutum ya taka sai ya ji ƙasar na lotsawa, saboda ruwa ne a ƙarƙashi.

Duwatsun da suka ruɓe sun bar ƙasa mai albarka. Turawan Fotugal sun iso wajajen 1470 suka tarar babu kowa a tsibiran, suka dasa rake, suka kawo bayi daga gaɓar Afirka. Daga baya aka koma koko da kofi, har a farkon ƙarni na 20 Sao Tome ta shiga sahun gaba a duniya wajen noman koko, da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola, Kef Bade da Mozambik cikin halin da bai da maraba da bauta. Ƙasar ta sami 'yancin kai a 1975.

Tsibiran nan ba su kaɗai suke ba. Suna kan wani jerin duwatsu da ake kira layin Kamaru, mai tsawon kusan kilomita 1,600. Ya taso daga tsibirin Annobon, ya bi ta Sao Tome, Firinsife da Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, reshensa ɗaya ya miƙe har tsaunukan Biu a Jihar Borno, inda tafkin Tila ke zaune cikin tsohon bakin aman wuta. A kan layi guda ana samun matacce da mai rai: Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000.

Shi ya sa bai kamata a riƙa saurin kiran dutse matacce ba. Tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru yana cikin bakin wani dutse da ba wanda ya taɓa ganin amansa, amma narkakken dutsen da ke can ƙasa bai daina tura iskar kabon cikin ruwan ba. A daren 21 ga Agusta, 1986, iskar ta taso gaba ɗaya ta gangara ƙauyukan da ke kwari, ta shaƙe mutane fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.