Waiwaye: Auna iskar da muke shaƙa, da inda Sakkwato ta tsaya

Daga Nuwamba zuwa Maris Sakkwato ba ta rabuwa da hazo. Akwai safiyar da ɗan kabu-kabu zai naɗe fuska da rawani, ya kunna fitila da hantsi, mai shago kuma ya goge kanta da safe, kafin azahar ƙura ta sake lulluɓe ta. Mafi yawan ƙurar nan daga Sahara take, kuma babbar mahaƙarta ita ce kwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi garin ƙasa ta yo yamma da shi.

Awon da aka daɗe ana yi wa wannan hazo a ƙasar nan don jiragen sama ne. Ma'aikacin yanayi yana duba iya nisan da ido ke hangowa, ya rubuta, a shaida wa matuƙi ya sauka ko ya juya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, ta gaji wannan aiki, tana kuma fitar da gargaɗin hazo. Aiki ne mai amfani, sai dai bai gaya wa uwar da ɗanta ke fama da asma yawan abin da ya shiga ƙirjinsa daren jiya.

Masifa ce ta koya wa duniya auna iska saboda lafiyar mutane. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan na kwana biyar, dubban mutane suka mutu, har Ingila ta yi dokar tsabtace iska a 1956. Mu kuma namu darasin daga Koko ya zo, a tsohuwar jihar Bendel, inda aka gano sharar guba da aka jibge daga Italiya a 1988. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, ta fitar da ƙa'idojin gurɓata a 1991, sannan hukumar tilasta bin dokokin muhalli ta NESREA ta zo a 2007. Dokoki dai an rubuta su. Na'urorin da za su tabbatar ana bin su ne suka yi ta jan ƙafa.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Onitsha a sahun farko na biranen da ƙura ta fi yawa a iskarsu, Kaduna ma tana kusa da sama. A wajen ƙarshen shekarar baƙin toka ya fara sauka a Fatakwal. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a 2018. Duk hankali ya koma kan hayaƙin masana'antu da motoci, ƙurarmu ta arewa kuwa aka bar ta a matsayin abin da aka saba.

Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30. Hanci ba ya tace su, can cikin huhu suke zarcewa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta yarda da shi na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi), na yini guda kuma 15. A Sakkwato ƙurar Sahara ba ita kaɗai take zuwa ba. Tana tarar da hayaƙin itacen girki, da janareta, da juji da ake cinna wa wuta da magariba, da shara da ake ƙonawa a gonaki, ga kuma masana'antar siminti a Kalambaina tun 1967. Ba a iya raba wannan daga wancan da awon mako biyu da na'urar hannu, irin wanda ɗalibi ke yi don kammala digiri.

Maƙwabtanmu sun nuna amfanin awon da ba ya yankewa. Tun 2006 akwai tasha a ƙauyen Banizumbu, gabas da Yamai, da 'yan uwanta a Cinzana ta Mali da Mbour ta Senegal, suna auna ƙura duk bayan minti 5. A nan aka ga cewa ƙurar da ta fi kauri takan zo ne da guguwar da ke gaban hadari a farkon damina, ta turnuƙe na ɗan lokaci ta wuce, ta hunturu kuma ita ce mai daɗewa. Duk Basakkwacen da ya taɓa kwashe shanya a guje a watan Yuni ya san guguwar nan. Mai zuwa awo sau ɗaya a wata ba zai taɓa kama ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanƙarau. Muna cikin yankin da cutar ke addaba, kuma masana sun daɗe suna danganta ɓarkewarta da busasshiyar iska mai ƙura wadda ke raunata maƙogwaro. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, ta 2017 kuma ta faro daga Zamfara ta shigo mana. Da ace kowace safiya asibiti da makaranta na samun adadin ƙurar jiya da hasashen ta gobe, a karanta shi da Hausa a Rediyon Rima kamar yadda ake karanta farashin hatsi, da shiri ya riga kuka.

Yanzu hanya ta fi sauƙi. Tauraron ɗan Adam mai suna Sentinel-5P yana leƙen iskar duniya tun 2017, cibiyar hasashen ƙura ta Barcelona tana fitar da taswirar yankinmu, ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana kuma sun yi araha. Amma tauraro daga sama yake kallo, ƙananan na'urorin kuma sukan rage lissafin ƙura mai manyan ƙwayoyi irin tamu, don haka dole a sami babbar na'ura ko guda ɗaya da za a riƙa daidaita su da ita. Dogaro da na wani ma ba shi da tabbas: a Maris 2025 Amurka ta daina watsa awon iska daga ofisoshin jakadancinta saboda kuɗi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana kimiyya da cibiyar binciken makamashi. Abin da ya rage wa gwamnatin jiha shi ne kasafin da zai ɗauki batir, da intanet, da albashin wanda zai riƙa hawa yana share bakin na'urar duk lokacin hunturu.