Ƙibar yara da ƙarfin ƙafa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

A sashen gashin ƙashi inda nake aiki, mako ba ya wucewa ba a kawo mini yaro mai jiki yana kukan ƙafa ba. Tambayoyin iyaye kuwa ba sa canzawa, shi ya sa na tara su wuri guda.

Ashe ba alamar lafiya ba ce yaro ya yi ɓul-ɓul?

Ga jariri, e. Ga ɗan shekara 9 da ba ya iya hawa bene sai ya tsaya yana haki, a'a.

Ai cinyarsa ƙatuwa ce, ta yaya za a ce ba ta da ƙarfi?

Girma daban, ƙarfi daban. Tsokar yaro mai ƙiba kan fi ta siriri ƙarfi idan aka gwada ta ita kaɗai, tunda kullum kaya take ɗauka. Amma ƙarfin bai kai nauyin da aka ɗora mata ba, ga kuma kitse da ke kutsawa cikin tsokar kanta. Ki ce ya tashi daga tabarma ba tare da ya dafa ƙasa ba, ki zuba ido. Za ki ga ya karkata gefe, ya kai hannu gwiwa, yana nishi.

In hana shi abinci?

Kada ki kuskura. Yaro ne, ƙashinsa girma yake yi. Lemon kwalba za ki hana: babbar roba ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali 10. Haba iyaye, a cika wa yaro jaka da biskit da lemo kullum, a miƙa masa waya daga la'asar har isha'i, sannan a zo ana cewa gado ne?

Idan ya yi gudu sai ya ce gwiwa na ciwo. In bar shi ya huta ko in matsa masa?

Wannan kam sai an bi a hankali, domin amsar ta danganta da irin ciwon. Idan ƙafafu biyu ne, bayan wasa yake zuwa, kuma kafin gari ya waye ya lafa, galibi gajiyar tsoka ce da nauyi. Ko tafiya kawai mutum yake yi, gwiwa na ɗaukar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa, balle gudu da tsalle. Irin wannan ba ya son kwanciya. Yawan hutu sai ya ƙara raunana cinyar. A sauya masa wasa dai: a ajiye langa da tsallen igiya tukuna, a koma keke, tafiya da sauri, zama da tashi daga kujera sau 10 safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsa jiki a rana, amma wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10 ko 15, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Sai dai fa, idan ƙafa ɗaya ce, yana ɗingishi, ko tafin ƙafar ya juya waje, musamman tsakanin shekara 10 zuwa 16, to ki manta da duk abin da na faɗa. Akwai wata matsala da ta fi kama yara masu ƙiba, inda kan ƙashin cinya ke zamewa a kwatangwalo, ciwon kuwa sau da yawa a gwiwa ake jin sa. Sai ki ga ana ta shafa man zafi a gwiwar da lafiyarta ƙalau, ƙashi na ƙara zamewa a sama. Kada ya ƙara taka ƙafar, a ɗauke shi a kai wa likitan ƙashi ranar, a ce a yi hoton kwatangwalo. Aiki ake yi, gashi ba ya mayar da shi. Haka ma a kai shi wurin likita ranar idan akwai zazzaɓi, kumburi, ko ciwon yana tashinsa cikin dare. In kuma kin kasa bambancewa, ki kawo shi. Gara a duba a ce ba komai.

Ƙafarsa ta yi baka, ƙibar ce?

Kafin shekara 2 yawanci ba komai, kwantar da hankalinki, tana miƙewa da kanta. Bayan nan idan tana ƙaruwa, nauyi na iya danne wurin da ƙashin ƙwauri ke girma, ko kuma ƙarancin sinadarin kalsiyam ne. Hoto ke raba gardama. Ba karaya ba ce, kada a kai wa mai ɗori.

Shayin rage teɓa fa?

A'a. Kada ki sake ki ba yaro.

Zai zube da kansa in ya girma?

Wasu sukan zube, da yawa da ita suke girma. A daina jira.

'Yan'uwansa suna kiransa buhu, ko hakan zai zaburar da shi?

Ba zai zaburar da shi ba. Yaron da ake yi wa dariya idan ya yi gudu, daina gudun yake yi, ya shige ɗaki. Ki tsawatar musu yau. Gobe bayan la'asar babansa ya riƙe hannunsa su zaga unguwa tare, har da masu tsokanar.