Ayyukan agajin lafiya a unguwannin marasa galihu na birane

Waɗannan su ne shirye-shiryen da ƙungiyoyi masu zaman kansu da na addini da gidauniyoyi suke yi dan kula da lafiya da walwalar talakan birni, wato mazauna cunkusassun unguwannin nan da ba famfo ba magudanar ruwa, galibi ma ba takardar fili. Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce irin waɗannan mutane sun haura biliyan 1 a duniya.

Matsalar birni daban take da ta ƙauye. A ƙauye asibiti ne yake da nisa, a birni kuwa ga shi nan kana hangowa amma kuɗin kati da na magani da wunin da za ka ɓata a layi ba ka fita nema ba su ne suke hana ka zuwa, ga kwalara da tarin fuka da gudawar yara suna ta yawo saboda ɗaki a cushe yake, banɗaki ɗaya kuma gidaje da yawa ne suke haɗa shi.

Abin ya daɗe. An buɗe gidan hidima na Toynbee Hall a Landan a 1884, Jane Addams kuma ta kafa irinsa mai suna Hull House a Shikago ta Amurka a 1889, duk dai masu ilimi ne suka tare cikin talakawa suna hidima. A Karachi ta Pakistan, Abdul Sattar Edhi ya fara da ɗan ɗakin shan magani a 1951, daga baya gidauniyarsa ta yi suna da motocin ɗaukar marasa lafiya, har gadon jarirai suke ajiyewa a ƙofar ofis dan wadda ta rasa yadda za ta yi ta ajiye jinjirinta a nan maimakon ta yar. Ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta fito da shirin Manoshi a 2007, matan unguwa ake horarwa su bi gida-gida suna duba masu juna biyu. A unguwar Kibera ta Nairobi kuwa ƙungiyar SHOFCO, wadda Kennedy Odede ya kafa a 2004, ta sama ta bi da bututun ruwanta kamar wayar lantarki saboda kar ruwan kwata ya shiga.

Amma gaskiya wanda ya fi ban sha'awa shi ne aikin unguwar Orangi, shi ma a Karachi, wanda Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980. Shi bai raba magani ba, kwata ya sa a gaba. Kowane layi su zaɓi mutum ɗaya ya tara kuɗin karo-karo, ƙungiya ta kawo ma'auni da zane da kayan aiki, mutanen layi su haƙa su binne bututu da hannunsu, babban magudanar da zai kwashe duka kuma aikin gwamnati ne. Tunda guminsu ne in ya toshe su suke gyarawa, ba sa jiran kowa, saɓanin ƙaramin asibitin da ake rufewa ranar da kuɗin tallafi ya ƙare.

Babban cikas shi ne fili. Unguwar da hukuma ba ta san da zamanta ba rusau na iya zuwa ko yaushe, ga masu ƙwacen filaye. Perween Rahman, wadda ta shugabanci aikin Orangi kuma take zana taswirar filayen talakawa, harbe ta aka yi a Maris na 2013 tana hanyar komawa gida.