Tallafin Fasahar Kwantam a Binciken Lafiya

Tallafin fasahar kwantam a binciken lafiya shi ne kuɗin da gwamnatoci da gidauniyoyi ke warewa domin a yi amfani da ilimin halayyar ƙwayoyin zarra da haske wajen gano cuta da haɗa magani. Fannin ya rabu gida biyu: na'urorin awo masu jin abu komai ƙanƙantarsa, da kwamfutocin kwantam. Na farkon sun daɗe da shiga asibiti, na biyun har yanzu suna matakin gwaji.

Tarihi

Galibi ana danganta tushen ilimin da aikin Max Planck na Jamus a 1900, sai Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka shimfiɗa lissafinsa a 1925 da 1926. Likitanci ya ci moriyarsa tun kafin a fara kiransa da wannan suna. A 1946 Felix Bloch da Edward Purcell, kowa da ayarinsa a Amurka, suka nuna yadda cibiyar ƙwayar zarra ke amsa kiran igiyar rediyo idan tana cikin maganaɗisu. A kan wannan ne Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka gina hoton MRI daga wajajen 1973, suka samu kyautar Nobel a 2003. Duk wanda aka turo daga Ringim ko Gumel zuwa Kano domin wannan hoto, fasahar kwantam ce ta leƙa cikin jikinsa.

A 1964 aka ƙera na'urar SQUID, mai auna maganaɗisu komai rauninsa, kuma a 1972 David Cohen ya auna maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da ita. Matsalarta sai an sanyaya ta da ruwan heliyam, ga tsada ga nauyi. A 2018 masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka fito da wata kamar hular kwano mai wannan awo ba tare da heliyam ba, mutum na iya motsa kansa ana aiki, abin da ke da amfani ga yara masu farfaɗiya.

Masu ba da kuɗi

Birtaniya ta yi sammako, ta sanar da fam miliyan 270 a 2013, sannan a 2023 ta yi alkawarin fam biliyan 2.5 na shekara goma. A 2024 ta kafa cibiyar Q-BIOMED ta awon lafiya zalla, a ƙarƙashin jami'o'in UCL ta birnin Landan da Cambridge. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin yuro biliyan 1 a Oktoban 2018. A Disambar wannan shekara Amurka ta sa hannu a dokar da ta tanadi kusan dala biliyan 1.2, kodayake hukumomin kimiyya da makamashi ne suka ja ragama. Hukumar binciken lafiya ta NIH ta shigo daga baya da gasa mai kyautar kuɗi.

A ɓangaren gidauniyoyi, Wellcome Leap ta buɗe shirin Q4Bio, na gwada kwamfutar kwantam a binciken lafiya, a 2023 da dala miliyan 40, da ƙarin miliyan 10 na kyaututtuka. Gidauniyar Novo Nordisk ta Denmark ta ware kurona biliyan 1.5 a 2022 domin gina kwamfutar kwantam.

Masana sun sha bamban kan lokacin da irin waɗannan kwamfutoci za su taimaka wajen haɗa magani.

Alaƙa da karkarar Kano da Jigawa

A asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, musamman da damina, malamin asibiti kan huda yatsan yaro, ya ɗiga jini a tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ƙara ruwan gwajin, a jira minti 15 zuwa 20 a ga layi ɗaya ne ko biyu. Idan ƙwayar cutar ba ta yi yawa a jini ba, layi na biyu na iya ƙin fitowa, uwa ta goya ɗanta ta koma gida da zazzaɓin. Nan ne binciken ya shafi talaka kai tsaye, tunda Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya.

A 2020 ayarin Rachel McKendry a UCL ya saka garin daimon mai ƙyalli a irin wannan tsinke a madadin ƙurar zinaren da aka saba, suka ba da rahoton cewa a ɗakin gwaji ya fi na da ji har sau kusan 100,000. Sun gwada shi a kan ƙwayar HIV. Wasu kuma sun yi amfani da daimon wajen auna maganaɗisun hemozoyin, wato baƙin dusar da ƙwayar maleriya ke bari bayan ta ci jini. Duk waɗannan ba su iso ƙauye ba tukuna, kuma sai na'urar ta jure zafin bazara da ƙurar hunturu, ta yi aiki da batir ko sola, kafin ta amfanar.

Hanyar nema

Yawancin kuɗaɗen nan an ɗaure su ne da jami'o'in ƙasashen da suka bayar. Don haka malami a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ya fi samun shiga a matsayin abokin haɗin gwiwa, inda yake kawo abin da masu na'urar ba su da shi: sanin cutar a inda take, da wurin gwaji na gaskiya bayan amincewar kwamitin ɗa'a da yardar marasa lafiya. Ya kamata a rubuta rabon kuɗi da horar da ɗalibai a yarjejeniya tun farko, kada aikin ya tsaya a tura jini waje. A gida akwai asusun bincike na TETFund ga malaman manyan makarantun gwamnati.

Afirka ta Kudu na da shirin kwantam na ƙasa. Ghana ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam.