Rawar hannun dattijo ba tsufa ba ce kawai

An daɗe ana cewa idan hannun dattijo ya fara rawa, tsufa ne, sai haƙuri. Masu faɗin haka suna da uzuri, domin cutar Parkinson, wadda kan sa rawar hannu, ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60. Amma cuta ce: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, ne ke mutuwa sannu a hankali.

Ku sa ido da kanku. Rawar Parkinson takan fara a hannu ɗaya, ta fi fitowa idan hannun yana ajiye a kan cinya, ta lafa idan an miƙa shi za a ɗauki kofi. Jiki ya yi nauyi, taku ya gajarta, rubutu ya ƙanƙance, murya ta yi ƙasa. Wasu ma ba sa rawar ko kaɗan. Kuma ba kowace rawar hannu ce Parkinson ba, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne zai tantance.

Ba a warkewa gaba ɗaya, amma maganin levodopa yana sauƙaƙa motsi ƙwarai idan ana shan sa kan lokaci, ba a daina shi farat ɗaya ba. Motsa jiki kullum ma yana taimakawa.

Don Allah ku tura wa masu kula da iyayensu.